Soso, Sholisho da Shari'ar Ƙwallon Tebur

Duk wanda Allah ya ja kwanansa har ya riski zamani biyu ko uku na wata sana'a, ya san kayan aiki sukan riga masu aikin sauyawa, har gwani ya wayi gari ya tarar ilmin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tarawa ba shi da sauran kasuwa. A cikin wasannin motsa jiki kuwa da duniya ta yi ittifaƙi a kansu, da wuya a sami wanda wannan magana ta fi tabbata a kansa kamar ƙwallon tebur. Teburin dai yana nan yadda magabata suka ƙayyade shi, tsawonsa mita 2.74, faɗinsa mita 1.525, tashinsa daga ƙasa santimita 76, kuma har yau mutum biyu ne ko huɗu ke tsayawa a kawunansa suna mayar wa juna ƙwallo ta bisa raga. Amma da za a tayar da ɗaya daga cikin gwanayen shekarun 1930, a miƙa masa allon bugunsa na da, a tsayar da shi gaban wani matashi na ƙungiyar ƙasar Sin ta yau, to, tun kafin ƙarfi ko sauri su kayar da shi, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne ya tara allo inda ya kamata, a lokacin da ya kamata, sa'an nan ya ga ƙwallon ya taɓa allon ya nufi wata alƙibla dabam wadda bai aike shi ba.

Asalin wasan a Ingila ne, wajen ƙarshen ƙarni na 19, inda masu hali suka riƙa mayar da teburin cin abinci filin tanis don su rage dare. Ba a daɗe ba aka samo ƙwallon seluloid, ɗan abu mara nauyi mai iska a ciki, wanda amonsa ya jawo wa wasan laƙabin Ping-Pong, sunan da kamfanin Jaques na Landan ya yi wa rajista a 1901. Allunan farko wasu fata ake ɗaura musu, wasu katako ne tsura, wasu an manna musu samfefa. Daga bisani aka tsaya a kan katako da ɗan falle na roba mai ƙuraje, ƙurajen suna kallon waje. Da irin wannan allo aka buga gasar duniya ta farko a Landan a 1926, shekarar da aka kafa hukumar wasan ta duniya a Balin, wadda Ivor Montagu ya shugabanta har shekara 40 da 'yan kai. Da shi kuma Viktor Barna na Hangari ya ci kofin maza sau 5.

Wasan wancan zamani na ido ne da kunne da haƙuri. Tun da babu abin da ke tsakanin ƙwallo da katako sai siririyar roba, kowane bugu yana da nasa amo, mai saurare kuwa yakan gane nauyin bugun abokin hamayyarsa daga ƙararsa tun ƙwallon bai ƙetare raga ba. Illar abin ita ce tsaro ya fi hari riba, domin wanda ya ja da baya ya yi ta mayarwa a hankali ba safai ake ratsa shi ba. Idan kuwa Allah ya haɗa masu tsaro biyu, sai a nemi wurin zama. A gasar Farag ta 1936, Alojzy Ehrlich na Folan da Farkas Paneth na Romaniya sun shafe fiye da sa'a 2 suna tura wa juna ƙwallo kafin ɗayansu ya sami makin farko. A shekarar da ta biyo, a garin Baden na Austiriya, wasan ƙarshe na mata tsakanin Ruth Aarons da Trude Pritzi ya wuce wa'adin da aka ɗiba, aka tashe su aka bar kujerar babu kowa, ba a kuwa yi musu adalci ba sai a 2001, lokacin da hukuma ta ce su biyun duka zakaru ne. Maganin da aka yi wa cutar a lokacin shi ne aka rage tsayin raga daga inci 6 da rubu'i uku zuwa inci 6, watau santimita 15.25, don mai hari ya sami ƙofa. Allo kuwa ba a taɓa shi ba. Nassin doka a wancan lokaci ya bar wa mutum ya yi allonsa da duk abin da ya ga dama, a kowane girma da kowane nauyi, ba don sakaci ba, sai don babu wanda ya yi zaton akwai wani sirri da ya saura a cikin ɗan katakon nan.

A 1952 aka kai gasar duniya birnin Bombay na Indiya, karo na farko ke nan da aka yi ta a nahiyar Asiya, kuma karo na farko da Japan ta aiko da 'yan wasanta. A cikinsu akwai wani mai suna Hiroji Satoh, wanda ko a tsakanin 'yan uwansa ba shi ake yi wa zaton kofi ba, sai dai ya zo da allon da aka lulluɓe da soso mai kauri. Ba shi ne farkon wanda ya gwada soso ba, amma a hannunsa duniya ta ga abin da soso ke iyawa. Ƙwallo yakan nutse a cikinsa ya fito ba amo, ta yadda gwanayen Turai da Amurka, waɗanda rabin hankalinsu a kunne yake, suka zama suna wasa da mutumin da ba sa jin bugunsa. Idan ya tare a hankali sai ƙwallon ya mutu gab da raga, idan suka kai masa hari da ƙarfi sai soson ya haɗiye ƙarfin ya maido musu da shi da ƙari. Haka ya yi ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya, har da Marty Reisman na Amurka, wanda ake yi wa kyakkyawan zato a shekarar, ya kuma gama da József Kóczián na Hangari a wasan ƙarshe, ya zama mutumin Asiya na farko da ya ɗauki kofin maza. Reisman bai taɓa yafe wa soso ba. Ya tsufa yana riƙe da tsohon allonsa yana kuka da abin da aka yi wa wasan, har ya ci gasar masu irin wannan allo ta Amurka a 1997 yana da shekara 67.

Shekara 7 aka yi ana saɓani. Mazhabar Turai tana cewa soso ya kashe doguwar musayar bugu wadda ita ce abin kallo, ya kuma ba wanda bai ƙware ba damar kayar da wanda ya ƙware, har wasu ƙasashe suka haramta shi a gasanninsu na gida tun hukumar duniya ba ta yi magana ba. Mutanen Japan kuwa, waɗanda Ichiro Ogimura da Toshiaki Tanaka suka riƙa karɓa-karɓar kofi a madadinsu daga 1954 zuwa 1957, suka tsaya a kan cewa abin da doka ba ta hana ba halas ne. A taron Dortmund na 1959 aka yanke hukunci, kuma hukuncin nan ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, gama duk abin da ya biyo baya a kansa aka yi ƙiyasi. An haramta soso tsirara. An yarda da tsohuwar roba mai ƙuraje muddin ba ta wuce kaurin milimita 2 ba. Sa'an nan aka yarda da soso idan an rufe shi da roba, ko ƙurajenta su kalli waje ko su kalli ciki, bisa sharaɗin kada duka biyun su wuce milimita 4.

A zahiri sulhu ne aka yi, kowane ɓangare ya tafi gida yana ganin ya sami rabonsa; a haƙiƙa kuwa bidi'ar ce ta ci, domin abin da aka halatta ya fi abin da aka haramta hatsari nesa ba kusa ba. A nawa ganin wannan ita ce ɗabi'ar shari'ar ƙwallon tebur tun daga ranar har yau: hukuma ba ta taɓa mayar da wasan inda yake kafin sabon abu ya ɓullo ba, takan dai yanke wa sabon abin gefe ɗaya don a kwantar da hankalin masu kuka, ta buga wa sauran hatimi ya zama shi ne asali.

Ga dalili. Idan aka kifa robar, ƙurajenta suka shige cikin soso, fuskarta mai sulɓi ta kalli waje, sai ta zama tana kama ƙwallo. Soson da ke ƙarƙashi kuma yana ba shi wurin nutsewa na ɗan ƙiftawar ido, ta yadda wanda ya shafi bayan ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, maimakon ya doke shi a tsakiya, zai sallamo shi yana murɗawa. Ƙwallon da ke juyawa gaba iska takan danno shi ƙasa, saboda haka ana iya buga shi da dukan ƙarfi ya kuma faɗo a kan tebur, ya tashi da gudu, in ya taɓa allon mai tarewa ya haura sama. Japanawa ne suka fara fito da wannan bugun murɗi wajen 1960, Turawa suka karɓa suka raya shi, har a yau ƙwallon gwani yakan juya fiye da sau 100 a cikin sakan guda. Masana'antu suka bi baya: kamfanin Butterfly, wanda Hikosuke Tamasu ya kafa a 1950, ya fito da robar Sriver a 1967, Yasaka ya fito da Mark V a 1969, da ita kuma Stellan Bengtsson na Suwidin ya ci kofin duniya a Nagoya a 1971 yana ɗan shekara 18, yaron da aka haifa a shekarar da Satoh ya ci Bombay. 

Mutanen Sin sun shigo ta wata ƙofa dabam. A Dortmund ɗin nan da aka yanke hukuncin soso ne Rong Guotuan ya ci kofin maza, kofin duniya na farko da sabuwar jamhuriyar Sin ta samu a kowane irin wasa, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Double Happiness a Shanghai. Salonsu na farko shi ne riƙon alƙalami, tsayuwa gab da tebur, da roba mai gajerun ƙuraje wadda ke fitar da ƙwallo da sauri ba tare da ta damu da murɗin abokin gaba ba. Daga baya suka koma ga roba mai danƙo bisa soso mai tauri, wadda sabuwarta takan ɗaga ƙwallo daga tebur in an kifa allon a kansa, wadda kuma ba ta ba malalaci komai, sai wanda ya sa ƙafa da ƙugu a cikin bugunsa. Irinta ce Hurricane da Ma Long ya ci zinaren Olamfik na 2016 da na Tokyo da ita.

Da murɗi ya zama sarki, sai masu hila suka tashi neman makarinsa. Aka ƙago roba mai dogayen ƙuraje masu lanƙwashewa, da wata mai santsi wadda ba ta kama ƙwallo ko kaɗan. Su biyun aikinsu kusan ɗaya ne, watau su bar ƙwallo ya koma da juyin da ya zo da shi, wanda idan ya isa wurin mai shi ya zama kishiyar abin da ya aika. Wannan kansa ba laifi ba ne, fasaha ce. Inda shubuha ta shigo shi ne da 'yan wasa suka riƙa manna roba mai kamu a fuska ɗaya da mai santsi a ɗaya fuskar, duka biyun launi guda, suna juya allon a hannu ƙarƙashin tebur, wasu har suna buga ƙafa a ƙasa lokacin bugun farko don amon ƙafar ya rufe amon allon. John Hilton na Ingila, wanda ba a lissafa shi cikin manya ba, ya ci kofin Turai a 1980 da wannan dabara, Cai Zhenhua na Sin kuma ya kai wasan ƙarshe na duniya a 1981 da 1983. A 1983 aka wajabta fuskokin allo su bambanta da launi, da aka ga kuma wasu suna zaɓen launuka masu kama da juna, sai a 1986 aka ƙayyade ja da baƙi, aka zauna a haka har 2021 da aka yarda shuɗi ko kore ko ruwan hoda ko shunayya su maye gurbin jan, baƙin dai yana nan. A cikin dokokin wasan duka wannan ce na fi ganin hikimarta, domin ba ta hana kowa makaminsa ba, ta dai tilasta shi ya nuna wa abokin karawarsa abin da ya buga da shi. Har yau ma kafin a fara wasa sai kowa ya miƙa allonsa ɗan uwansa da alƙali su duba.

Sai babin sholisho, wanda shi ne mafi ban mamaki a cikin ƙissar, ga shi kuma abu ne da kowane mai facin taya a ƙasar Hausa ya san warinsa. Ana jingina gano shi ga Tibor Klampár na Hangari a shekarun 1970, wanda aka ce ya manna robarsa da ruwan facin tayar keke, ya ji allon ya sake murya ya kuma ƙara gudu. Dragutin Šurbek na Yugoslabiya yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Sirrin ba a mannewar yake ba, a tururin yake: sinadarin da ke tashi daga gam ɗin yakan shiga ramukan soso ya kumbura shi, soson ya miƙar da robar da ke bisansa, sai allon ya ƙara sauri da murɗi a lokaci guda, ya kuma riƙa wata ƙara mai kaifi wadda duk wanda ya yi wasa a zamanin yake ganewa daga bakin ƙofa. Amfanin ba ya wuce 'yan sa'o'i, saboda haka kafin kowane wasa sai ɗan wasa ya ɓare robarsa, ya shafa mata sabo, ya jira ta sha iska, ya mayar, ya danne. Wannan ya zama wata ibada mai sharuɗɗa da lokuta, kowane gwani da yawan shafinsa da tsawon jiransa, ɗakunan sauya tufafi kuwa suka cika da warin da ke sa ciwon kai. Gwanayen Suwidin da suka lallasa Sin 5 da babu a wasan ƙarshe na ƙungiyoyi a 1989, su Jan-Ove Waldner da Jörgen Persson, 'ya'yan wannan zamani ne, kuma babu mai gardamar cewa wasan da aka yi a lokacin yana cikin mafi kyawun da aka taɓa gani.

Amma mu da muka ga yadda shaƙar sholisho ke lalata samari ba ma bukatar doguwar hujja kafin mu gane abin da ya tayar wa hukuma hankali, musamman da yake yara ƙanana a makarantun koyon wasan suna kwaikwayon manya. Tun farkon shekarun 1990 aka fara hana nau'o'in da suka fi guba, har a gasar Tianjin ta 1995 aka kori Kim Taek-soo na Koriya ta Kudu bayan ya riga ya ci wasansa na kusa da na kusa da ƙarshe, saboda gwaji ya nuna gam ɗinsa ya ƙetare haddi. Haramci na gaba ɗaya bai tabbata ba sai a watan Satumba na 2008, bayan an bari an gama wasannin Olamfik na Beijing. Daga nan aka koma ga gam na ruwa mara tururi, aka kuma kawo na'ura mai shinshina allo kafin wasa. To, sai dai ƙiyasin 1959 ya sake aiki. Tun kafin wa'adin ya cika masana'antun Jamus da Japan sun riga sun koyi yadda za su gina miƙewar nan a cikin robar tun daga ma'aikata, kuma a watan Afrilu na shekarar, wata biyar kafin haramcin, Butterfly ya saki Tenergy 05, wadda ta ba da mafi yawan abin da sholisho ke bayarwa ba tare da wari ba, a kan kuɗin da ya ninka na tsohuwar roba. An kawar da cutar, wannan gaskiya ne kuma abin godiya ne. Gudun kuwa ya zauna, sai dai da can gwangwanin gam mai araha ke sayar da shi, yanzu kamfani ne. Bayan haka wata hilar ta ɓullo, watau wani mai da ake shafa wa soso ya kumbura shi ba tare da tururin da na'ura za ta kama ba. Nassin doka ya hana a yi wa roba kowane irin magani bayan ta bar ma'aikata, amma hukuncin da babu shaidar da za ta tabbatar da shi sunansa kawai hukunci. Timo Boll na Jamus ya fito fili a 2016 ya ce mafi yawan manyan 'yan wasa suna yi.

Ƙwallon kansa bai tsira ba. Da wasa ya yi saurin da mai kallon talabijin ba ya iya bin sa, maki yana ƙarewa a bugu uku ko huɗu, sai hukuma a zamanin shugabancin Adham Sharara ta jero gyare-gyare: a watan Oktoba na 2000, bayan Olamfik na Sidni, aka ƙara faɗin ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, nauyinsa ya koma giram 2.7; a 2001 aka rage zagaye daga maki 21 zuwa 11; a 2002 aka hana ɓoye ƙwallo da hannu ko kafaɗa lokacin bugun farko. A 2014 aka fara barin seluloid, wanda abu ne mai saurin kama wuta, mai wuyar sarrafawa da safara, aka koma filastik. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan da suka shafi ƙwallon kansa ya rage masa juyi, kowane ɗaya kuma masana'antu suka amsa shi da soso mai ƙarin tauri da allo mai ƙarin ƙarfi, har aka wayi gari abin da aka rage a ƙwallo an mayar da shi a allo. Wanda ya yi asara shi ne mai wasan wuyan hannu da dabara, da mai tsaro da ke yankan ƙwallo daga nesa. Wanda ya ci riba shi ne mai ƙirar jiki da ke hari ta hannu biyu. Segun Toriola na Nijeriya, wanda ya halarci Olamfik sau 7 daga Basalona a 1992 zuwa Riyo a 2016, ya fara da ƙaramin ƙwallon seluloid da sholisho da maki 21 da ɓoyayyen bugun farko, ya gama babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma ina ganin wanda ya iya sake koyon sana'arsa sau da yawa haka ya cancanci a ambace shi tare da waɗanda suka ɗauki kofi.

Abu guda da shari'ar ta riƙe da ƙarfi shi ne katako. Doka ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurin allo ya zama itace na asali. An yarda a sa zare irin na kabon ko na gilashi a tsakanin fallayen, muddin kowane shafi bai wuce kashi 7.5 cikin 100 na kaurin ba, ko milimita 0.35, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Allon gwani yawanci falle 5 ne ko 7, an gicciya su an matse, kowane falle da aikinsa: na waje shi ke gaisawa da soso, na tsakiya shi ke riƙe nauyi da girgiza. Akwai masu falle ɗaya tak na itacen hinoki na dajin Kiso a Japan, irin wanda Ryu Seung-min na Koriya ta Kudu ya ci zinare da shi a Atina a 2004, riƙon alƙalami, roba a fuska ɗaya. Tun daga ranar kuwa babu wani namiji da ba Basine ba da ya sake cin wannan zinare, salon nasa ma ya kusa shuɗewa. Abin da ya yi rinjaye shi ne allo mai zaren kabon da aka saƙa da wani zare mai laushi, irin Viscaria da Butterfly ya fitar a 1993, wanda ya sake tashe bayan Zhang Jike ya ci duniya da shi a 2011 da Olamfik a 2012.

A nan ne mai karatu na Afirka ta Yamma zai tarar da kansa a cikin labarin ta inda bai zata ba. Itatuwan da aka fi yin waɗannan fallaye da su, waɗanda ake rubutawa limba da ayous da koto a jikin kwalin allo, na dazuzzukan yankinmu ne da na tsakiyar Afirka. Limba ita ce afara da kafintocinmu ke yin ƙofa da kujera da ita, ayous kuwa ita ce obeche ta kudancin Nijeriya, wadda mutanen Gana ke kira wawa. Allon Ma Long da ake sayarwa da sunan Hurricane Long 5 afara ce a waje, obeche a ciki, da zaren kabon a tsakani. Itacen yakan bar gaɓar tekunmu a gungume, a yanka shi fallaye a Japan ko Suwidin ko Sin, ya dawo mana a cikin kwali da kuɗin da ya fi ƙarfin mafi yawan iyaye. Allon ma sau ɗaya ake sayensa ya yi shekaru; robar ce ke cin kuɗi, domin falle ɗaya na manyan nau'o'in yakan kai dala 70 ko fiye, allo kuwa fuska biyu gare shi, mai horo kullum kuma ba ya wuce 'yan makonni sai kamunta ya mutu. Ga shi har ila yau robar da kamfani ke zaɓa wa ƙungiyar ƙasar Sin daraja dabam ce da wadda ake kai wa kasuwa, ko da suna ɗaya suke ɗauke da shi. Saboda haka idan aka ce Aruna Quadri, wanda ya taso yana buga wasan a titunan garin Oyo, ya kayar da Timo Boll a Riyo ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen mutum 8 na ƙarshe a Olamfik, inda Ma Long ya tsayar da shi, to, ya kamata a lissafa har da wannan tazara a cikin abin da ya ƙetare. Yaran da ke biyan kuɗin zagaye a teburin bakin titi, da allon da robarsa ta ƙone a rana ta zama santsi, wasan Barna suke yi ba su sani ba, ranar da aka fara miƙa wa ɗayansu allon gaske kuwa sai ya koma farkon karatu.

Siffar allo ita ce ƙofar da doka ta bari a buɗe tun 1926, gama har yau nassin yana cewa kowane girma da kowace siffa da kowane nauyi ya halatta. An ɗauki kusan ƙarni guda mafi yawan masu wasa suna yin nasu a zagaye bisa al'ada, sai a 2021 Truls Möregårdh na Suwidin ya shigo gasar duniya ta Houston da allon kamfanin Stiga mai kusurwoyi, aka yi ta yi masa dariya har ya kai wasan ƙarshe. A Olamfik na Faris a 2024 ƙaddara ta haɗa shi da Wang Chuqin na Sin, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin. Kwana ɗaya kafin karawar, Wang ya ci zinaren wasan mace da namiji tare da Sun Yingsha, ya ajiye allonsa a gefe don ya ɗaga tuta, masu ɗaukar hoto suka yo ca, aka taka allon ya karye. Washegari ya fito da allon ajiyarsa, Möregårdh ya fitar da shi tun a zagayen mutum 32, ya wuce har ya ɗauki azurfa. Da aka tambayi Wang, bai ɗora laifin a kan allon ba, ya ce abokin karawarsa ne ya fi shi wasa a ranar; masoyansa a Sin kuwa ba su karɓi wannan uzuri daga bakinsa ba, suka kwana suna neman wanda ya yi takun.